Filin Likitan Dabbobi: Idan Haƙoran Kare ko Kyanwa Suka Fito da Tabo da Ramuka

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo da dama sun taru ne a kan bakin dabba, musamman haƙoran da ke fitowa a lalace tun daga ranar da suka huda dasashi. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, kuma ta farko ce za ta fi cin wuri, domin bayanin da ke cikinta shi ne sauran amsoshin suka dogara a kansa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni manomi ne, kuma nakan fita farauta da rani. Ina da kare ɗan wata takwas wanda aka haifa a gidana. Suna da kamar wata biyu wata cuta ta shiga cikin ’yan kwikwiyon, idanunsu suka cika da kwantsa, hanci yana zubar da majina mai kauri, ga tari ga zawo. Yawancinsu sun mutu, shi Allah ya tashi kafaɗunsa. To da ya yi famfara, sai sababbin haƙoran suka fito da kaushi da ƙananan ramuka, launinsu ƙasa-ƙasa, wasu ma suna ɓarewa. Abokan farautata sun ce tsutsa ce ke cinsu, wani kuma ya ce in riƙa goga masa gawayi da gishiri. An yi masa allurar haukan kare. Shin haƙoran za su gyaru idan ya ƙara girma? Daga wani mai karatu a ƙasar Birnin Kudu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya ka duba bakin wannan dabba, domin masu karnuka da yawa sai kumburi ya fito a fuska suke sanin akwai matsala. Babu tsutsar da ke cin haƙoran karenka, kuma ina roƙonka kada ka goga masa gawayi da gishiri, domin za su kankare ɗan abin da ya rage masa na kariya.

Haƙori yana da sassa uku. A waje akwai farin ɓawo mai sheƙi wanda likitoci ke kira inamel, kuma shi ne abu mafi tauri a jikin dabba, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma’adini ne. A ƙarƙashinsa akwai dantin, wanda ya fi laushi, launinsa rawaya-rawaya, kuma cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, waɗanda suka miƙe har zuwa tsakiyar haƙori. A tsakiyar kuwa akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi suke. Ɓawon haƙorin ɗan Adam yana kai kaurin milimita biyu da rabi a wasu wurare, amma na kare yawanci tsakanin milimita 0.1 ne zuwa 0.6, na kyanwa kuma bai cika wuce 0.3 ba. Ka ga ke nan dabbar da ake ganin tana iya fasa ƙashi, kariyar haƙorinta ba ta kai ta mai ita ba.

Abin da ya fi muhimmanci ka riƙe shi ne cewa sau ɗaya jiki yake gina wannan ɓawo, kuma yana gina shi ne tun haƙorin yana ɓoye a cikin muƙamuƙi. Ƙwayoyin halittar da ke wannan aiki suna gama shi su ɓace kafin haƙorin ya fito, saboda haka babu mai sake ginawa daga baya. Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, waɗanda haƙoran girma 42 ke maye gurbinsu tsakanin wata uku da rabi zuwa wata bakwai, amma ɓawon waɗannan haƙoran girma ana shimfiɗa shi ne tun daga kimanin mako biyu da haihuwa zuwa wata uku. Duk abin da ya girgiza jikin kwikwiyo a cikin waɗannan makonni, ko zazzaɓi mai zafi, ko yunwa, ko tsutsar ciki mai yawa, yana iya tsayar da ginin ko ya gurɓata shi, kuma ba za a ga sakamakon ba sai bayan watanni, lokacin da mai kare ya riga ya manta da rashin lafiyar. Wani lokaci ɓawon yakan fito siriri ko babu shi gaba ɗaya a wasu wurare, wani lokaci kuma kaurinsa daidai ne amma bai ƙanƙara ba, sai ya riƙa ɓarewa da zarar kare ya fara tauna da shi.

Alamomin da ka lissafa sun yi daidai da cutar distemfa, wadda ita ce ta fi shahara wajen haddasa wannan lahani. Ƙwayar cutar dangi ɗaya ce da mai kawo ƙyanda ga yara da kuma mai kawo bushiya ga shanu, wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011. Bayan zazzaɓin da take sawa, ƙwayar distemfa tana kai hari kai tsaye ga masu gina ɓawon haƙori, shi ya sa karen da ya tsira daga ita yana ƙarami yakan fito da haƙora da yawa a lalace, sau da yawa da tabo a jere a tsayi ɗaya. Ka duba tafin ƙafarsa da kan hancinsa, idan sun yi kauri da tauri fiye da na sauran karnuka, wannan ma shaida ce. Ka kuma sa ido ko wani sashe na jikinsa yana motsi da kansa a kai a kai, ko muƙamuƙinsa yana karkarwa, domin cutar takan taɓa ƙwaƙwalwa ta bayyana bayan makonni ko watanni.

Launin ƙasa-ƙasa da kake gani dantin ne da ya fito fili ya sha launin abinci. Kamar kwanon langa ne da fentinsa ya ɓare, inda ƙarfen ya bayyana nan tsatsa take fara kamawa. Wannan ba maganar kyan gani ba ce kawai. Dantin da ya tone yana sa zogi idan ruwan sanyi ko abinci ya taɓa shi, ƙwayoyin cuta suna iya bi ta kafofinsa su kai ga ɓargo su kashe haƙorin, kuma kaushin yana riƙe datti wanda ke jawo ciwon dasashi da wuri. Haɗarin ya fi yawa a irin shekarun karenka, domin haƙorin ƙaramin kare ɓargonsa yana da faɗi kuma bangon dantin ɗinsa siriri ne. Kada cin abincinsa ya ruɗe ka, domin kare yakan ci gaba da ci ko da bakinsa yana ciwo, sai dai ya koma tauna da gefe ɗaya ko ya riƙa haɗiyewa ba tauna.

Amsar tambayarka ita ce ɓawon ba zai dawo ba, amma ana iya ceto haƙoran. Ka kai shi wurin likitan dabbobi, kuma idan da hali a ɗauki hoton muƙamuƙinsa, domin cutar da ta ɓata ɓawo takan bar saiwoyin wasu haƙoran gajeru ko karkatattu, abin da ba a gani da ido. Jami’ar Ahmadu Bello a Zariya, da Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami’ar Maiduguri duk suna da asibitocin koyarwa na dabbobi, kuma likitan da ke kusa da kai zai iya tura ka inda ya dace. Kafin nan, ka daina ba shi ƙasusuwa masu tauri, ka jiƙa masa abinci idan ya bushe, ka hana shi wasa da dutse. Game da farauta kuma, ka sani cewa fiƙar da ba ta da ɓawo ta fi saurin karyewa idan ya cafki nama yana fizga, saboda haka ka riƙa duba bakinsa duk dawowarku. Haƙorin da ya koma ruwan hoda, ko shunayya, ko ruwan toka, ko kumburi a ƙarƙashin ido, alama ce ɓargo ya mutu, kuma wannan ba ya jiran lokaci.

Akwai wata magana a wasiƙarka da na daɗe ina son in yi bayani a kanta. Mutanenmu da yawa idan aka tambaye su rigakafi sai su ce an yi wa kare allura, suna nufin ta haukan kare. Wannan allura wajibi ce, domin rayuwar mutane take karewa, amma ba ta hana distemfa ko kaɗan. Rigakafin distemfa yana cikin wata allurar haɗaka daban wadda ake rubutawa DHLPP, ana fara ta kwikwiyo yana da mako shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu zuwa huɗu har ya kai mako goma sha shida, sannan a ƙara masa kafin ya wuce shekara ɗaya. Dalilin maimaitawar shi ne kariyar da ya sha a nonon uwa takan hana allurar farko kamawa, kuma ba a san ranar da wannan kariya za ta ƙare a jikin kowane kwikwiyo ba. Allurar tana bukatar sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, don haka wadda ta wuni a jakar mai tallar magani a rana ta riga ta mutu. A haɗa da maganin tsutsar ciki tun suna mako biyu, a kuma ciyar da karya da kyau tana da ciki da lokacin shayarwa. A matsayinka na mafarauci ka kuma sani cewa karnukanka suna iya kai cutar ga dila da kura da sauran namun daji. A 1994 distemfa ta kashe kusan kashi ɗaya bisa uku na zakunan gandun dajin Serengeti a Tanzaniya, kuma binciken masana ya danganta ta da karnukan ƙauyukan da ke kewaye.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Muna da karen gadi irin na Jamus, yanzu yana da wata tara. Yana ɗan mako goma fiƙarsa ta nono ta karye, sai wani mai kula da karnuka a unguwarmu ya cire ragowar da filaya. Yanzu babbar fiƙar da ta fito a wurin tana da faffaɗan tabo mai kaushi, sauran haƙoran kuwa farare ne tas. Ana iya gyara ta, ko cirewa za a yi? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Hajiya, barka kadai. Idan haƙori ɗaya ne ko biyu maƙwabtan juna suka lalace, sauran kuma lafiya, to abin da ya faru a wannan wurin ne kawai ya faru, ba cuta ce ta gama jiki ba. Fiƙar nono tana da doguwar saiwa siririya, kuma tsiron haƙorin girma yana kwance dab da ita. Akwai hanyoyi biyu da lahanin zai iya shiga: ko dai ƙwayoyin cuta sun bi ta cikin karyayyen haƙorin suka kai ga tsiron, ko kuma murɗawar filaya ta raunata shi, kuma yana yiwuwa duka biyun sun haɗu. Cire karyayyen haƙorin nono daidai ne, amma aiki ne na likita, dabba tana barci, da ƙananan kayan aiki da haƙuri, domin ko a hannun ƙwararre sai an yi taka-tsantsan da abin da ke ƙasa. Cire haƙorin dabba tana farke kuwa azaba ce da babu uzurin yin ta.

Ba na ba da shawarar a yi gaggawar cire babbar fiƙa, domin saiwarta ta fi abin da ake gani a waje tsawo, kuma idan ta ƙasa ce tana cikin abin da ke riƙe da ƙarfin muƙamuƙi da zaman harshe. Yadda ake gyaran shi ne a sa kare barci gaba ɗaya, a wanke haƙoran, a ɗauki hoto don tabbatar da cewa ɓargo yana raye kuma saiwa ta ginu daidai. Idan haka ne, likita zai goge ɓawon da ya yi laushi da gefunan da suka yi kaifi har wurin ya yi santsi, ya shafa wani ruwan asid na ’yan daƙiƙoƙi don buɗe fuskar haƙorin, ya wanke, sannan ya shafa wani ruwan danƙo da ke shiga kafofin dantin ya toshe su, a daskarar da shi da shuɗin haske. Wannan toshewar ita ce ainihin maganin, domin ita ke ɗauke zogi ta tare ƙwayoyin cuta. Tana gogewa da tafiyar lokaci, amma kafin ta goge haƙorin da ke raye yakan ƙara wa kansa sabon dantin daga ciki, wato ana saya masa lokaci ne ya ƙarasa kare kansa. Idan ramin yana da zurfi, ana cike shi da irin farin cikon da ake yi wa mutane, sai dai ki sani cewa ciko a bakin kare yakan faɗi idan yana tauna abu mai tauri, kuma ana iya bukatar sake shi. Karnukan aiki, irin na jami’an tsaro, akan yi wa fiƙarsu hular ƙarfe, amma wannan yana bukatar sa barci sau biyu kuma yana da tsada.

Idan hoto ya nuna ɓargon ya mutu, zaɓi biyu ne suka rage, ko a kwashe ɓargon a cike gurbinsa don a bar haƙorin a wurinsa, ko a cire shi. Barin mataccen haƙori a baki ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba magani ba ne, domin kumburin zai lafa ya sake dawowa. Ko da an yi gyaran lafiya, a koma a sake hoto bayan wata shida zuwa shekara ɗaya.

Mutane da yawa suna tsoron allurar barci, kuma tsoron yana da tushe, amma ga ƙaramin kare lafiyayye da aka duba jininsa da zuciyarsa aka kuma hana shi abinci yadda likita ya umarta, haɗarin kaɗan ne. Duk wanda ya ce zai yi wa karenki wannan aiki yana farke, kankare abin da ido ke gani kawai zai yi.

Tun da kina hulɗa da karnukan waje, bari in ƙara da cewa akwai nau’in wannan lahani da ake gado, wanda aka tabbatar a irinsu Samoyed da Akita da ƙaramin karen tsere na Italiya. A irin wannan, haƙoran nono da na girma duk sukan taɓu ba tare da wata rashin lafiya ta gabata ba, kuma bai kamata a bar irin wannan kare ya yi barbara ba. Naki ba ya cikin wannan rukuni.

TAMBAYA: Likita, ’yan kwikwiyona uku sun yi zawo suna ƙanana, na riƙa fasa musu kafson ja da yalo a cikin madara. Yanzu haƙoransu sun fito rawaya. Wani kuma ya ce ruwan rijiyar burtsatsen garinmu ne, domin yaranmu da yawa haƙoransu suna da tabo. Wanne ne gaskiya? Daga wani mai karatu a jihar Maraɗi.

AMSA: Malam, duka biyun suna iya zama gaskiya, kuma na biyun ya fi damuna. Ja da yalo tetarasaikilin ne, shi da allurar oksitetarasaikilin da ake yi wa shanu da awaki gida ɗaya suke. Wannan magani yana manne wa sinadarin kalsiyam a haƙorin da ake kan ginawa, ya zauna a ciki har abada, ya fara da rawaya sannan ya riƙa duhu. Yana ratsa mahaifa, yana kuma fita a nono, saboda haka ba a ba karya mai ciki ko mai shayarwa, ba a kuma ba kwikwiyo ko ’yar kyanwa da ba su gama famfara ba. Idan haƙoran suna da santsi, launi ne kawai ya sauya, ba sa bukatar gyara kuma gogewa ba za ta fitar da shi ba. Idan ciwon da kaska ke kawowa ya sa dole a yi amfani da dangin wannan magani, likitoci sukan zaɓi doksisaikilin, wanda bai cika rina haƙori ba. Zawon kwikwiyo kuwa galibi tsutsa ce ko ƙwayar cutar fabo, waɗanda ja da yalo ba ya kashewa.

Maganar ruwa kuma, sinadarin fuloraid idan ya yi yawa a ruwan sha yana ɓata ɓawon haƙorin da ke ginuwa, na mutum da na dabba, ya bar fararen ɗigo-ɗigo marasa sheƙi waɗanda daga baya suke komawa ƙasa-ƙasa da ramuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita. Ku mutanen Maraɗi kun fi kowa sanin abin da ya faru a Tibiri a shekarun 1980 da 1990, inda ruwa mai yawan fuloraid ya lalata haƙora har ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara, kuma a Najeriya an san wannan matsala a yankin Kaltungo da na Langtang. Idan yaran garinku suna da tabon haƙori, ku taru ku nemi hukumar ruwa ko ta lafiya ta gwada ruwan, tun kafin a yi maganar karnuka. Tafasa ruwa ba ya cire fuloraid, ƙara masa yawa ma yake yi.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Kyanwata tana da shekara shida. Kwanan nan ta fara zubar da miyau, tana sakin abinci daga baki, kuma na ga wani jan nama ya hau kan wani haƙorinta na ƙasa, kamar ɓawon ya cinye. Na so in ba ta farasitamol amma na ce bari in tambaya. Daga wata ɗaliba a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ’yata. Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki ba ta, domin ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi yadda tamu take yi, sai ya lalata jininta, dasashi ya koma ƙasa-ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Haka ibufurofen da daikulofenak, ba na kyanwa ba ne ba na kare ba.

Lahanin ɓawo irin wanda na bayyana a sama yana faruwa ga kyanwa amma ba kasafai ba, kuma da shi ne da kin gan shi tun tana wata shida lokacin da haƙoranta 30 na girma suka gama fitowa. Abin da ya bayyana a shekara shida wani ciwo ne daban, wanda jikin kyanwa da kansa yake zaizaye haƙorinta. Wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu na asali shi ne narkar da saiwar haƙoran nono su ne suke farkawa su fara cin haƙorin girma daga saiwa, su rarake dantin, har ɓawon da ke sama ya rasa madogara ya rufta, sai naman dasashi ya tsiro ya rufe ramin. Shi ne jan naman da kika gani. Ya fi farawa a haƙorin da ke bin fiƙar ƙasa, kuma bincike daban-daban ya same shi a tsakanin kashi 20 zuwa 60 cikin 100 na kyanwoyi, yana ƙaruwa da shekaru. Masana sun yi ta bincike a kan musabbabinsa ba su tsaya a kan dalili ɗaya ba, amma an tabbatar ba ruɓewar zaƙi ba ce, wadda da wuya ake ganinta a kyanwa.

Ciwo ne mai raɗaɗi ƙwarai, har ma idan likita ya taɓa wurin muƙamuƙin yakan yi karkarwa. Ciko ba ya tsayar da shi, domin zaizayar tana ci gaba a ƙarƙashinsa, saboda haka maganin shi ne a cire haƙorin. Idan hoto ya nuna saiwar ta riga ta narke ta zama ƙashi, likita yana iya yanke kan haƙorin kawai ya ɗinke dasashi a kai. Kada ki ji tausayin rashin haƙorin, domin kyanwar gida tana cin abincinta lafiya ba tare da shi ba, kuma masu kyanwoyi sukan ba ni labarin cewa dabbar ta dawo da wasa da walwalar da suka zaci tsufa ne ya ɗauke. A duba sauran haƙoran a lokaci guda, don wanda ya kama ɗaya yakan kama wasu.

Gargaɗi ɗaya gare ki da duk mai karatu: dabbar da ta fara zubar da miyau kwatsam tare da sauyin hali, ko ta kasa haɗiya, musamman idan ba ta da rigakafin hauka, ba a sa hannu a bakinta. A killace ta a kira likita. Idan ta ciji mutum ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar a tafi asibiti a ranar.

TAMBAYA: Likita, karen gadinmu yana wuni a ɗaure yana tauna sarƙa, yanzu fiƙoƙinsa sun gajarce da ɗigo mai duhu a tsakiya. Kuma yaya ake goge wa kare baki ga wanda ba ya son miyau ya taɓa shi? Daga wani mai karatu a Jos.

AMSA: Malam, wannan ɓawon an haife shi lafiya, ƙarfe ne ya cinye shi. Idan zaizayar ta tafi a hankali, haƙori yakan toshe kansa da sabon dantin, wanda ke bayyana a matsayin ɗigo ƙasa-ƙasa mai santsi da sheƙi, kuma wannan ba ya bukatar komai sai a tsayar da abin da ke jawo shi. Idan kuwa ɗigon baƙi ne kuma rami ne da tsinken likita zai iya shiga, ɓargo ya buɗe, sai kwashewa ko cirewa. Karen da ke tauna sarƙa ƙunci ne yake damunsa, don haka a yi masa fili mai inuwa da ruwa, a riƙa sakinsa yana motsa jiki, a ba shi abin taunawa na roba mai ɗan laushi. Abin da farcenka ba zai iya lotsawa ba ya fi ƙarfin haƙorinsa.

Gogewa kuma ba ta bukatar hannunka ya taɓa miyau. Ka sa safar hannu ta roba, ka sami buroshi mai laushi da dogon mariƙi wanda aka keɓe masa shi kaɗai, ka ɗaga leɓensa ba tare da ka buɗe bakin ba, ka goge bayan haƙoran ta wajen kumatu inda suka haɗu da dasashi. Ka fara da ’yan daƙiƙoƙi a haƙoran gaba kana yaba masa, ka riƙa ƙarawa har ya saba, kuma kullum ya fi, domin dattin da ya kwana biyu zuwa uku yakan fara daskarewa ya fi ƙarfin buroshi. Kada ka yi amfani da man goge bakin mutane, saboda kare haɗiyewa yake yi, kuma wasu suna ɗauke da sinadarin zaƙi na zailitol wanda guba ne gare shi. Idan ba ka sami man da aka yi don dabbobi ba, buroshi da ruwa zalla sun wadatar, kuma idan dasashin ya yi ja likita zai iya ba ka ruwan kulohekzidin mai ƙarfin kashi 0.12 ka riƙa shafa masa na ’yan kwanaki.